Kafin A Ƙara Faranti, A Toshe Yoyon Randa

Duk wanda ya halarci bikin baje kolin kimiyya na makarantun sakandare a 'yan shekarun nan ya san irin na'urorin da ɗalibai suka fi sha'awar haɗawa. Wannan ya zo da na'urar da ke auna danshin ƙasa ta buɗe famfon ban-ruwa, wancan ya zo da mai auna zafin ɗakin kaji, wani kuma da mai yin ƙara idan an taɓa ƙofar rumbu da dare. Kusan dukkansu a kan abubuwa uku suka dogara: farantin sola, da batir, da kuma wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da Turawa ke kira maikurokantirola. A gaban alƙalai, da rana tsaka, komai yakan tafi daidai; fitilu na ƙyaftawa, rubutu na gudu a kan ɗan gilashi, jama'a na tafi. Amma da a ce za a bi ɗalibin gida a ga yadda na'urar tasa ke kwana, da labari ya sha bamban. Da yawa ba sa kaiwa asuba. Waɗanda suka kai kuwa, kwana biyu na hazo ko na marka sun isa su kashe su.

Idan haka ta faru, shawarar da akan bai wa ɗalibi guda ce: ya nemi faranti mafi girma, ya ƙaro batir. Wannan shawara tana da sauƙin bayarwa, amma a mafi yawan lokaci kuskure ce, kuma kuskuren da ke da tsada ga yaron da ya tara kuɗin tara da na kashewa kafin ya sayi kayan. Abin da ya kamata a fara yi shi ne a auna yawan wutar da na'urar ke sha, a gano inda take zurarewa a banza, a toshe. Wanda randarsa ke yoyo ba ya fara da kiran ɗan garuwa na biyu.

Mece ce wannan 'yar ƙwaƙwalwa? Cikakkiyar kwamfuta ce da aka dunƙule a cikin guntun baƙin abu wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A cikinta akwai sashen lissafi, da ma'ajiyar umarni, da ƙafafun ƙarfe da take karɓar saƙo ko aika shi ta cikinsu. Kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fito da irinta mai suna TMS1000 kasuwa a shekarar 1974, kuma a yau da wuya a sami gidan da babu irinta a cikin rimot ko mitar wuta ko cajar waya. Abin da ya kawo ta hannun ɗalibai shi ne allon Arduino, wanda aka ƙirƙira a garin Ivrea na ƙasar Italiya a shekarar 2005. Samfurinsa da ya fi yaɗuwa, wato Uno, ya fito a 2010, kuma 'yar ƙwaƙwalwar da ke kansa ita ce ATmega328P.

Lissafin randa

Kafin a ci gaba, ya kyautu a daidaita ma'auni. A ɗauki batir a matsayin randa, wutar lantarki a matsayin ruwa. Yawan ruwan da ke fita ta bakin famfo shi ake aunawa da amfiya. Amfiya ɗaya ta yi wa ƙananan na'urori yawa, saboda haka akan raba ta gida dubu, kowane kaso a kira shi miliamfiya. Idan aka sake raba miliamfiya gida dubu, sai a sami maikuro'amfiya. Girman randar kuwa da miliamfiya-awa ake faɗinsa. Batirin da ke da miliamfiya-awa 2,500 zai iya bayar da miliamfiya 2,500 na tsawon awa ɗaya, ko miliamfiya 25 na tsawon awa 100. Bolt kuma shi ne ƙarfin da ke tura ruwan.

Batirin da ɗalibai suka fi amfani da shi shi ne na litiyom mai lamba 18650, irin wanda ake cirowa daga tsoffin batiran kwamfutar tafi-da-gidanka. Mai kyau daga cikinsu yakan ɗauki tsakanin miliamfiya-awa 2,000 zuwa 3,500. A nan ya kamata a yi hattara, domin akwai waɗanda ake sayarwa da rubutun 9,900 a jikinsu. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Babu batir mai wannan girman jiki da ke ɗaukar haka, kuma sau da yawa irin waɗannan ba su kai ko rabin mai 2,000 ɗin ba.

To, allon Uno, ko da bai yin komai, yana shan kimanin miliamfiya 50. A awa 24 ya sha 1,200 ke nan. Watau batir mai 2,500 ba zai wuce kwana biyu ba, kuma idan aka cire asarar da ake yi wajen ɗaga ƙarfin batirin daga bolt 3.7 zuwa bolt 5 da allon ke buƙata, ko kwana ɗaya da rabi ba zai cika ba. Wannan fa tun kafin a jona gilashin rubutu, wanda fitilar bayansa kan sha kimanin miliamfiya 20, ko rile, wato makunnin da maganaɗisu ke ja, wanda kan sha wajen 70 muddin yana kunne.

Mai karatu zai iya cewa ai rana ba ta yi ƙaranci a ƙasar Hausa ba. Gaskiya ne, arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna daga cikin wuraren da Allah ya wadata da hasken rana, a matsakaicin lissafi sukan sami abin da ya kai awa 5 zuwa 6 na cikakken haske a yini. Sai dai matsakaicin lissafi ba ya raya na'ura. Ranar da ta fi kowace muni ita ce ke yanke hukunci. Adadin wat da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a ɗakin gwaji, a ƙarƙashin haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana da zafin digiri 25. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin iska kansa kan haura digiri 40, farantin da ke shanye a rana yakan wuce digiri 60, kuma kowane digiri guda sama da 25 yana rage masa kimanin kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. Da hunturu, iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta rufe sararin sama da hazo, ta kuma shimfiɗa kanta a fuskar farantin. A watan Agusta kuma marka kan rufe rana kwana da kwanaki. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowace na'ura ita ce: kwana nawa za ta rayu idan rana ba ta fito ba?

Barcin da ke da amfani

Babban sirrin yana cikin wata 'yar tambaya: a cikin yini guda, daƙiƙa nawa na'urar ke aiki na haƙiƙa? A ɗauki mai auna danshin ƙasa a gonar tumatir. Danshin ƙasa ba ya sauyawa cikin ƙiftawar ido. Awo sau ɗaya a kowane minti 10 ya wadatar, har ya yi yawa. Awon kansa, da rubuta sakamakonsa, ba za su ci fiye da daƙiƙa 2 ba. Sauran daƙiƙa 598 ɗin jira ne kawai. Abin takaici shi ne yadda ɗalibai ke rubuta wannan jiran. Umarnin farko da kowa ke koya a Arduino shi ne delay, wanda ke sa na'ura ta dakata. Amma dakatawar tasa ba hutu ba ce. 'Yar ƙwaƙwalwar tana nan ido biyu, agogon cikinta yana bugawa sau miliyan 16 a kowace daƙiƙa, tana ta duba ko lokaci ya yi, tana shan wuta kamar lokacin da take tsakiyar aiki. Tamkar direba ne da ya tsaya a tasha jiran fasinja tun safe har la'asar bai kashe injin ba.

Alhali kuwa masu ƙera ta sun tanadar mata hanyoyin barci har guda shida, tun daga gyangyaɗi, inda sashen lissafi kaɗai ke tsayawa, har zuwa barci mai nauyi, inda babban agogon ke tsayawa cak. Takardar bayanin da kamfanin ya fitar ta nuna cewa a cikin barci mai nauyi, a kan bolt 1.8, ATmega328P tana shan kimanin maikuro'amfiya 0.1 ne kacal. Abin da ta haddace a ma'ajiyarta ba ya gogewa, kuma idan ta farka daga inda ta tsaya take ci gaba.

Dalilin wannan yana cikin yadda aka gina ta. Dubban taransistocin da ke cikinta an jera su ne bisa tsarin da ake kira CMOS, wanda Frank Wanlass ya ƙirƙiro a kamfanin Fairchild a shekarar 1963. Kyawun wannan tsari shi ne, taransista ba ta shan wutar a-zo-a-gani sai a lokacin da take juyawa daga kunne zuwa kashe ko daga kashe zuwa kunne. Bugun agogo ne ke sa su juyawa. Idan agogo ya tsaya, juyi ya tsaya, shan wuta ma ya tsaya, in ban da ɗan tsiyayar da ba a rasa ba.

Wa zai tashe ta? Hanyoyi biyu ne suka fi sauƙi. Ta farko, a cikinta akwai wani ƙaramin agogo na daban mai aikin gadi, wanda ke shan maikuro'amfiya kaɗan, kuma zai iya tashin ta bayan lokacin da aka ɗibar masa, mafi tsawo daƙiƙa 8. Mai son barcin minti 10 sai ya sa ta farka ta ƙirga ɗaya ta koma, har sau 75, sannan ta yi awo. Wannan mai gadi ba shi da daidaito sosai, yakan yi gaba ko baya gwargwadon zafi da ƙarfin batir, don haka aikin da ke buƙatar ainihin lokaci sai a haɗa shi da agogon waje irin su DS3231, wanda ke da ƙararrawa. Hanya ta biyu ita ce a bar abin da ake jira ya tashe ta da kansa. Na'urar gadin rumbu ba ta da dalilin zama ido biyu tana tambayar ƙofa ko an buɗe ta. Makunnin da ke jikin ƙofar zai aika saƙo ta ɗaya daga cikin ƙafafunta, ta farka cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Umarnin yin duk wannan bai wuce layi goma ba, kuma akwai shiryayyen kundin umarni mai suna LowPower da ake samu kyauta.

Yanzu a sake lissafin gonar tumatir. A ce na'urar na shan miliamfiya 15 idan ta farka, da maikuro'amfiya 10 idan tana barci. Farkawa 144 a yini, kowace ta daƙiƙa 2, sun zama daƙiƙa 288, wanda ya ci miliamfiya-awa 1.2. Barcin yini guda ya ci 0.24. Jimla ba ta kai 1.5 ba, a maimakon 1,200. Bambancin ya kai ninki 800. A kan takarda, batirin nan da bai kai kwana biyu ba zai shekara huɗu. A zahiri, zubar da kowane batir ke yi da kansa ko yana ajiye ita ce za ta riga na'urar cinye shi. Farantin da bai wuce tafin hannu ba ya ishe ta, ko da hazo ya yi mako bai washe ba. Babu wani faranti da ɗalibi zai iya saya wanda zai ba shi ninki 800.

Ɓarayin cikin gida

Sai dai a nan ne da yawa kan yi tuntuɓe. Ɗalibi ya rubuta umarnin barci, ya ɗora a kan Uno, ya auna, sai ya ga daga miliamfiya 50 abin ya sauko zuwa wajen 30 kawai. Sai ya yanke hukuncin cewa maganar barcin nan tatsuniya ce. Ba tatsuniya ba ce. 'Yar ƙwaƙwalwar ta yi barci, sauran mazauna allon ne ba su yi ba.

Na farkonsu shi ne ɗan koren ƙwan fitilar da ke nuna cewa allo yana kunne. Ƙanƙane ne, har ba a ɗaukarsa a bakin komai, amma idan yana shan miliamfiya 3, a yini ya sha 72. A gwada wannan da 1.5 da dukan aikin na'urar ke buƙata: fitilar da ba mai kallonta a tsakiyar gona ta cinye abin da ya kusa ninka aikin sau 50, ta mayar da shekara huɗu ta koma wata ɗaya da 'yan kwanaki. Na biyu, a kan Uno akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa ta biyu, ATmega16U2, wadda aikinta shi ne fassara tsakanin allon da kwamfuta ta igiyar USB. Bayan an gama ɗora umarni ba ta da sauran amfani, amma tana nan tana ci.

Na uku, kuma wanda ya fi su ɓarna, shi ne ragileta, wato mai rage ƙarfin bolt. Irin wanda aka fi sani, mai lamba 7805, da 'yan uwansa na dangin 1117 da ke kan yawancin allunan koyo, suna shan kimanin miliamfiya 5 don kansu ko da ba su ciyar da kowa. Bugu da ƙari, hanyar da suke rage bolt ita ce ƙona rarar ta zama zafi. Wanda ya jona batir mai bolt 12 ya rage shi zuwa 5 ta wannan hanya ya zubar da kashi 7 cikin 12 na ƙarfin da farantinsa ya tara. Shi ya sa ragiletan ke ƙona yatsa idan an taɓa shi. Akwai wasu da aka ƙera don irin wannan aiki, kamar MCP1700, wanda ke shan maikuro'amfiya 1.6 kacal.

Maganin duk waɗannan shi ne a fahimci cewa Uno allon koyo ne da gwaji. Idan aiki ya nuna, za a kai shi gona ko rumbu, sai a cire ATmega328P a dasa ta ita kaɗai a kan allon haɗi tare da 'yan kafasitoci, ko a yi amfani da ƙaramin allo irin Pro Mini mai bolt 3.3, a ɓalle masa fitilar. Wannan yana kawo wata riba ta daban. Wutar da CMOS ke ci tana tafiya ne daidai da saurin agogo, amma game da bolt sai an ninka shi a kansa. Saukowa daga bolt 5 zuwa 3.3 kaɗai yana mayar da cin wuta zuwa kimanin kashi 44 cikin 100, sannan rage agogo daga bugu miliyan 16 zuwa miliyan 8 ya sake raba shi biyu. A wannan saurin, 'yar ƙwaƙwalwar tana aiki lafiya daga bolt 2.7 zuwa 5.5, ke nan za a iya jona ta kai tsaye da batirin litiyom, wanda ke tsakanin bolt 3 da 4.2, ba tare da ragileta ko ɗaya ba, muddin sauran kayan da aka haɗa za su jure hakan.

Akwai kuma ƙananan ɓarayi da sai mita ke kama su. Sashen da ke mayar da awo zuwa lambobi, idan ba a kashe shi kafin barci ba, yakan ci gaba da shan ɗaruruwan maikuro'amfiya. Ƙafafun da aka bari a sake, ba a jona su da komai ba, sukan yi ta kaɗawa tsakanin kunne da kashe suna ɓarnar wuta. Rasista biyu masu om dubu 10 kowanne, waɗanda ɗalibi ya jera don auna cikar batir, suna tsiyayar da maikuro'amfiya 210 dare da rana, ninki 20 na abin da na'urar ke sha a barci. Da ya sa masu om miliyan ɗaya da abin ya koma 2. Su kuma kayan awo da na aika saƙo, bai kamata su kwana a kunne ba. Ƙaramin abin awo za a iya ciyar da shi daga ƙafar 'yar ƙwaƙwalwar a kunna shi lokacin buƙata, babba kuma a sa masa taransista a matsayin makunni. Ga mai auna danshi mai ƙarafa biyu a cikin ƙasa, wannan yana da ƙarin fa'ida, domin wutar da ke bi ta cikinsu ba dare ba rana ita ce ke cinye ƙarafan cikin 'yan makonni.

Masu amfani da ESP32, wadda kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar a 2016, su ma wannan hukunci ya hau kansu, har ya fi tsanani. Idan tana aika saƙo ta Wi-Fi takan sha fiye da miliamfiya 150, amma a barci mai nauyi kimanin maikuro'amfiya 10 take sha. Hikima ita ce a tara awo na awa guda ko na yini, a kunna rediyon sau ɗaya a aika, a kashe.

Darasi daga wata duniya

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa wannan tsimi dabarar talaka ce da ba shi da kuɗin babban faranti. Mafi wadatar masu binciken kimiyya ma ita suka bi lokacin da ta ƙure musu. A watan Janairun 2004 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta saukar da wata mota mai sarrafa kanta mai suna Opportunity a kan jar duniyar nan da ake kira Mas. Da farantan sola take aiki, kuma an tsara za ta yi kwana 90 na can. Jim kaɗan da saukarta aka gano cewa makunnin wani abin ɗumama da ke kafaɗar hannunta ya maƙale a kunne, yana zuƙe batir duk dare. Babu mai zuwa ya gyara, babu mai ƙara mata faranti. Abin da injiniyoyi suka yi shi ne aika mata sabon umarni a cikin wannan shekarar, wanda ke sa ta yanke kusan komai daga batir da dare ta shiga barci mai nauyi, sai hasken safiya ya bugi farantanta ta farka. Motar da aka yi wa lissafin wata uku ta yi aiki sama da shekara 14, ta yi tafiyar fiye da kilomita 45. Abin da ya kawo ƙarshenta shi ne wata gagarumar guguwar ƙura da ta rufe rana a watan Yunin 2018. Saƙonta na ƙarshe ya iso ranar 10 ga watan. Maƙalallen makunni da ƙura a kan faranti: ɗalibin da na'urarsa ta mutu a cikin hunturu ya san su duka biyun.

Masu ja da wannan ra'ayi

Akwai masu cewa farashin faranti ya faɗi ƙwarai, don me za a wahalar da yaro da ƙirgen maikuro'amfiya? Faɗuwar gaskiya ce. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantan sola a kasuwar duniya ya ragu da kimanin kashi 90 cikin 100. Amma faranti ba ya aiki da dare, kuma ba ya aiki sosai a hazo. Batir ne ke ɗaukar nauyin, shi ne kuma mai tsada da saurin lalacewa. Batirin litiyom da ake zuƙewa har ƙasa kullum a sake cika shi yana tsufa da wuri, balle a ce yana cikin akwatin roba a rana, alhali bai kamata a yi cajinsa a zafin da ya wuce digiri 45 ba. Batir da yawa a akwati mai zafi haɗarin gobara ne. Babban faranti a gona kuma kiran ɓarawo ne, ƙarami kuwa ba mai waiwayarsa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma dole a yarda da ita. Akwai ayyukan da 'yar ƙwaƙwalwa ba ita ce babbar mai ci ba. Fitilar titi mai wat 20 da ke ci awa 10 tana shan wat-awa 200 a dare, allon Uno kuwa wat-awa 6 a yini. Ko an sa shi barci, abin da aka tsira da shi bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Haka ma injin ban-ruwa. A irin wannan aiki ɓata lokaci ne a tsaya ɓalle ɗan koren ƙwai. Amfanin 'yar ƙwaƙwalwa a nan shi ne ta yi wa babban mai cin linzami: ta rage hasken fitilar bayan tsakar dare, ta ƙara shi idan ta ji motsin mutum, ta hana injin tashi idan ƙasa na da danshi. Wanda ya auna ne kaɗai zai san ko aikinsa na cikin wannan rukuni ko wancan, kuma yawancin na'urorin awo da gadi da ɗalibai ke haɗawa suna cikin rukunin farko ne.

Abin da ya rage ga malamai

Laifin bai tsaya a kan ɗalibai ba. Yaro yana gina abin da ya ga ana ba shi maki ne, kuma muddin alƙalan gasa suna karkata ga na'urar da ta fi yawan fitilu da ƙara, to irinta za a ci gaba da kawo musu. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. A darasin fiziks ana koyar da dokar Om da lissafin ƙarfin lantarki, ɗalibai su haddace su don jarrabawa. Ga wurin da za su ga amfaninsu da idonsu, amma ba a cika haɗa musu biyun ba.

Kayan aikin da ake buƙata mita ce guda, irin wadda kowane mai gyaran rediyo ke da ita, in dai tana da ma'aunin miliamfiya da na maikuro'amfiya. Ana cire waya ɗaya daga batir a sa mitar a tsakani, yadda duk wutar za ta bi ta cikinta. Akwai ɗan tarko a nan: a ma'aunin maikuro'amfiya mitar kanta tana tare hanya, har na'ura ta kasa tashi. Sai a haɗa bakunan mitar biyu da guntuwar waya, a bar na'urar ta tashi ta shiga barci, sannan a zare guntuwar a karanta. Daga nan sai a riƙa cire kaya ɗaya bayan ɗaya ana rubuta abin da ya ragu, har a san rabon kowa.

Ya kamata kowane aikin sola da za a gabatar a makaranta ya zo da takarda mai ɗauke da adadi huɗu da ɗalibin ya auna da hannunsa: abin da na'urar ke sha a farke, abin da take sha a barci, daƙiƙa nawa take farke a yini, da kwana nawa batirin zai kai ba tare da rana ba. Adadi na huɗun kuma a gwada shi. A kawo na'urorin ranar Litinin, a kife kwali a kan kowane faranti, a kulle ɗakin gwaji, alƙalai su dawo ranar Alhamis su fara duba waɗanda ke da sauran rai.